Yadda Na Riga Abokaina Isa Gidan Sori

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciya, amma ba zan taɓa mantawa da daminar da muka samu 'yancin kai ba, kuma ba don bikin ba. A lokacin ina sabon malamin lakol, wato makarantar boko, a Gangara, ana ce mini Mushe, laƙabin malaman boko daga Faransanci, ni kuwa ina jin sunan har cikin kaina. Da hutu ya zo, sai na shawo kan abokaina biyu, Issaka tela da Lawali mai aiki a buro, wato ofishin gwamnati, mu hau kekuna mu tafi yamma har Gidan Rumji. Hujjata ita ce ƙasa ta zama tamu, bai kamata mutum ya mallaki abin da bai taɓa gani ba. (Ni kaina ban taɓa wuce Maraɗi ba, amma ni na naɗa kaina jagora.)

Tafiya ta yi kyau har muka wuce Tibiri, muka nufi Gidan Sori inda muka shirya kwana. Hanyar mota ta bi gefen wani babban tabki da ruwan damina ya cika, gero a dama, ruwa a hagu. Muna cikin jin daɗi hadari ya haɗo daga gabas. Kafin mu ankara ruwa ya sauko kamar da ƙwarya. Muka ruga wani ɗan ƙauye a bakin hanya, wani dattijo mai suna Baba Nomau ya shigar da mu zaurensa, ya sa aka kawo mana fura.

Abokaina suka sha, suka miƙe ƙafa. Issaka har ya fara gyangyaɗi. Na ce su tashi mu ci gaba, suka ce sai an ɗauke. Na yi musu huɗuba a kan cewa ƙasar da ta samu 'yanci ba ta buƙatar ragwaye masu tsoron ruwa. Lawali ya ce shi dai ba a ba shi 'yanci don ya kamu da mura ba. Baba Nomau ma ya sa baki, ya ce in yi haƙuri in zauna. Na ƙi. Na naɗe ƙafar wando, na ce su same ni a Gidan Sori in sun gama barci.

A nan zan yi wa kaina adalci: na sha wuya, kuma ban karaya ba. Laka ta riƙa cushe ƙafar keke har ta daina juyawa, in sauka in ƙwaƙule da tsinke, in sake hawa. Takalmina ɗaya ya maƙale a caɓi na zaro shi da hannu. Can gaba na tarar ruwa ya yanke hanyar mota gaba ɗaya, sai na ratse na bi wata hanyar shanu da ta bi gaɓar tabkin. Na yi wa kaina lissafi irin na malamai: muddin ruwa yana hannuna na hagu, ba zan ɓata ba. Inda ba ta hawuwa na saɓa keken a kafaɗa. Sau da yawa zuciyata ta ce in koma, sai in tuna fuskar Lawali, in ƙara ƙaimi.

Wajen la'asar ruwa ya tsagaita, sai ga rumbuna da dangar gidaje a gabana. Daɗi ya kama ni. Na shiga ta bayan gari ina tura keke, laka har gira. Na tarar da wani mutum ya lulluɓa buhu a ka yana gyaran dangar da iska ta kayar. Na yi masa sallama, ya amsa, ya ce sannu da ruwa, daga ina haka?

Da na tsaya a "daga nesa" da na tsira. Amma mutumin da ya yi bajinta yana son mai saurare. Na ba shi labarin tafiyata tun daga Gangara. Na ce na baro abokaina biyu a baya sun takure kamar jiƙaƙƙun kaji. Ya tambayi inda na baro su. Na ce wani ɗan ƙauye ne da bai kai a kira shi gari ba, a zauren wani tsoho mai yawan magana. (Bakina bai tsaya nan ba.) Na ƙara da cewa furar gidan ma ruwa ya fi gero yawa, ba don yunwa ba da ban sha ba.

Mutumin ya jinjina kai, ya ce lalle na sha wahala, in zo in huta. Na bi shi muka zagaya danga, muka ɓullo ƙofar gida. Abin da na fara gani kekuna biyu ne jingine da bango. Na ce a raina, ikon Allah, wannan kamar keken Issaka. Sai ga Issaka kansa ya leƙo daga zaure yana miƙa.

Tabkin na zagaye kaf, na dawo inda na tashi.

Mai buhu ya sauke buhunsa, ya kakkaɓe. Baba Nomau ne. Bai ɗaga murya ba, bai yi dariya ba, sai ya leƙa cikin gida ya ce wa maiɗakinsa, "A dama ma Mushe wata hura. Wagga a ƙara gero, daga nesa ya hito."

Lawali ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki. Ni kuwa na durƙusa cikin lakata na ce, "Baba, ka yi mini gafara." Ya ce ba komai, yaro ne, gajiya ce ta yi magana. Furar ta zo da kauri har ludayi na tsayawa, na shanye ta tas kaina a sunkuye.

Washegari muka kama hanya, kuma mun isa Gidan Rumji, don ban yarda an fasa ba. Sai dai an sauke ni daga jagoranci, aka mai da ni ƙarshen layi.

Tun daga ranar ban daina taurin kai ba, ƙarya ne in ce na daina. Abin da na koya shi ne, kafin in kushe mutum a gaban baƙo, sai na tabbatar na ga fuskar baƙon.