Rasuwar Uwar Ɗaki, Motar Mai Biredi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riguna masu cike da baƙin mai, Mai Biredi yana sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar motarsa, wadda aka fi sani da Uwar Ɗaki. Ta cika a tsakiyar gada da rana tsaka, da kayan shaguna a bayanta, bayan gajeruwar jinya a hannun yayan matarsa.

Marigayiyar ta girmi auren mai ita. Ita ta ɗauko 'ya'yansa daga asibiti ɗaya bayan ɗaya, ita ta ciyar da su. Mai nutsuwa ce, ba ta tashi sai an roƙe ta. Takan ce "kyar-kyar-kyar", ta yi shiru kamar mai nazari, sannan ta amsa da "burrr". Ƙofarta ta hagu da igiya ake ɗaure ta, amma ba ta taɓa zubar da kowa ba.

Ciwonta ɗaya ne, yoyon mai. Duk inda ta kwana sai ta bar shaida a ƙasa. Mai Biredi ya saba, yakan shimfiɗa mata kwali, da safe ya ƙara mata ɗan mai su kama hanya. Haka suka zauna lafiya, har ranar da matarsa ta ce tunda Yaya ya buɗe gareji kuma ciniki bai kankama ba, a taimaki zumunci. Yayan nan shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, ya kuma rubuta a allo.

Injiniya ya sauke tukunyar mai ta ƙarƙashin inji, ya tattaɓa abin da ba a aike shi ba, ya canja gasket, wato robar bakin tukunyar, ya shafe ko'ina da gam. Yoyo ya tsaya cak. Sai dai da aka gama ɗaure komai, an ga wani ɗan ƙarfe kamar babban yatsa, da 'yar naɗaɗɗiyar waya ta sifirin a cikinsa, zaune shi kaɗai a faranti.

"Yaya, wannan fa na ina ne?"

"Ƙari ne," in ji Injiniya yana goge hannu. "Kamfani kan sa irinsu don ado."

Hankalin Mai Biredi bai kwanta ba. Ya ɗauki hotonsa ya tura wa direbobi. Wani ya ce na keken ɗinki ne, wani ya rantse na murhun gas ne, sauran suka yi masa fatan alheri. Daga ƙarshe ya rataye shi a jikin makullin motar. Da jar fitila ta kama a gaban sitiyari ya koma gareji, Injiniya ya cire ƙwan fitilar, ya ce an warke.

Kalamanta na ƙarshe su ne "ƙwal-ƙwal-ƙwal", sai "gam". Biredi ya yi gumi a leda har ya lalace, masu shaguna suka gaji da jira, gidan biredi ya ba wani layin rabonsa. Makaniken da ya buɗe gawar ya ce injin ya bushe kamar ƙashi. Da idonsa ya kai kan makullin, sai ya tambayi inda aka samo wannan ɗan ƙarfen. Ashe shi ne ke riƙe ƙarfin mai ya hau saman inji. Yoyon ma ya tsaya ne domin man ya daina zagayawa.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu masu sanƙo, da batirin aro, da kwalinta da bai san abin da zai tara ba yanzu. Ta bar mai ita yana bin layin bas. Ta bar matarsa, wadda ake tuna mata ko ƙanwar waye ita a duk lokacin da aka ajiye kwano. Ta bar Injiniya cikin ƙoshin lafiya, wanda ya zo gaisuwa ya kuma tambayi ko za a sayar da giyar motar.

Game da jana'iza, an riga an jawo gawar zuwa bakin garejin Injiniya, daidai ƙarƙashin allonsa, bonet a buɗe domin masu son ganin fuskarta. Mai Biredi na zaune a benci kusa da ita daga safe zuwa yamma, yana karɓar gaisuwa, yana kuma yi wa duk wanda ya kawo mota gyara bayanin yadda aka yi jinyar. Matarsa ta durƙusa tana kuka, ta ce yayanta na da ƙananan yara, kuma garejin nan ne kaɗai abincinsu. Ya ce ya sani, shi ma motarsa ce kaɗai abincinsa.

Za a miƙa marigayiyar ga 'yan gwangwan ranar da motar ƙarshe ta fita daga garejin. Zuwa jiya saura biyu, ɗaya ta Injiniya ce.