Abu Minti Biyar da Sharar Sallah

A ofishinmu na zanen gine-gine da ke Iskandariyya, in aka ce hutun ƙaramar Sallah, ba kahak, cincin ɗin Sallah mai sukari, ke faɗo wa kowa a rai ba. Bashmuhandis, wato babban injiniya, Ra'afat Shalabi ake tunawa, mutumin da ya ɗauki hoton fanko sau ɗari biyu da hamsin, kuma ko ɗaya bai yi dishi-dishi ba.

Kada a ce na rage masa daraja. Ra'afat babban mutum ne. Ya san haka, ya kuma taimaka mana muka sani. Katinsa na cewa Babban Daraktan Tsaron Bayanai na Dukkan Sassa. Sassan biyu ne, sama da ƙasa. Makullin ɗakin na'urar ajiya a wuyansa yake kwana. A da tsintsiya da bokiti ake ajiyewa a ɗakin, yanzu nan kaɗai ake samun sanyi a ginin, mu kuwa muna fifita da kwali.

Na'urar baƙar akwati ce mai ƙyafta fitilu, duk zanenmu a cikinta yake. A lokacin da aka tsara mata, takan ɗauki hoton duk abin da ke cikinta, yadda in ka goge abu bisa kuskure sai a koma hoton jiya a ɗauko maka. Hoto ɗari biyu da hamsin take riƙewa. In sabo ya zo, mafi tsufa ya ba shi wuri. Dattijon da Ra'afat ya gada ya sa ta ɗauki ɗaya kullum da la'asar, wato wata takwas ke nan a aljihunmu.

Ran da Ra'afat ya gano haka sai da ya kira taro.

"Sau ɗaya a rana? Ya jama'a, ko maganin hawan jini an fi kula da shi! A zamanina minti biyar-biyar ne. Ko atishawa kuka yi a kan zane, an ɗauka."

Haj Subhi mai kamfanin ya ce, "Ba za ta gaji ba, ɗana?"

"Ya Haj, kai dai ka ji da siminti."

Muka tafa. Injiniya goma sha huɗu ne a ɗakin, har da ni, ba wanda ya ninka ɗari biyu da hamsin sau biyar. Daga ranar ya zama Abu Minti Biyar, wato Uban Minti Biyar, ya kuma ɗauki sunan a matsayin lambar yabo.

Laraba, jajibirin Sallah, kowane gida a unguwar ya rataye dardumarsa a baranda ana kakkaɓewa. Ra'afat ya ga bai dace a bar na'urarsa da datti ba. Ya shiga shara. Can ya tarar da aikin Madam Nagwa, zanen wata makaranta a Damanhur da ta yi wata uku a kansa. Larabar gaba za a miƙa shi da azahar, kuma Haj ya riga ya faɗa cewa in kwangilar ta kuɓuce, rabin mutanen sama gida za su koma. Madam Nagwa na da tsarinta na sa suna. Akwai "ƙarshe", akwai "ƙarshe na biyu", akwai "ƙarshe na gaske", sai "ƙarshe wallahi". Kowa a ofishin ya san na wallahin ne aikin. Ra'afat, mai son tsari, ya bar "ƙarshe", wanda zanen wata biyu baya ne, ya share sauran. In ma an yi kuskure, ai akwai hoto. Ya kulle ɗaki ya tafi Sallah.

Kwana huɗu na'urar na aiki tsakani da Allah.

Litinin da safe Madam Nagwa ta tsaya a ƙofar ɗakin sanyi.

"Ya Bashmuhandis, barka da Sallah. Ina makarantata?"

Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da asarar wani irin haka ba. Ya sa kwat. Ya sa aka kira har mutanen ƙasa. "Ku matso ku ga abin da ake kira tsari. Minti biyu, ya Madam."

Ya buɗe hoto mafi tsufa. Na jiya Lahadi ne, da azahar. Babu makaranta. Ya buɗe na gaba. Babu. Ya yi ta buɗewa, mu muna tsaye muna shan sanyin da muka daɗe muna jin labarinsa.

Madam Nagwa ta ce, "Na Laraba fa?"

Ya gyara tabarau. "Na Laraba ya ba na baya wuri, bisa ƙa'ida."

Haj Subhi ya nemi kujera.

Allah Ya sa Madam Nagwa ba ta yarda da duk wani abu mai ƙyafta ido ba. Kafin kowane hutu takan buga zanenta a takarda ta naɗe ta tafi da shi gida, ɗabi'ar da Ra'afat ya taɓa kira aikin zamanin Fir'auna. Ta hau tasi ta dawo da naɗin, da tabon man kahak a kan ajin 'yan shekara shida. Kwana biyu duk ofishin na kwafa layi-layi. Ra'afat ya riƙa zagaya mu hannu a baya yana duba inganci. Gaskiya ɗaya, shi ya sayi ful, wato dafaffen wake, da burodi na kowa, bai kuma yi jawabi a kai ba. Aka miƙa zanen saura minti ashirin. Ba wanda ya koma gida.

Na'urar ta koma hoto ɗaya da la'asar. Ra'afat ya sanar da wannan a matsayin sabuwar dabarar da ya ƙirƙiro.

Bana da muka taru cin kahak bayan Sallah, Madam Nagwa ta miƙa masa wayarta.

"Abu Minti Biyar, ɗauke mu hoto mana. Amma don Allah da mu a ciki."

Ya jira dariya ta lafa, ya kakkaɓe sukari daga kwat ɗinsa.

"Ku yi ta yi. Kwana huɗu kuna gida kuna ciye-ciye, na'urata ko sau ɗaya ba ta makara ba. Ku nuna mini wani ofishi a duk Iskandariyya da ya taɓa ɓatar da abu yana da hujja ɗari biyu da hamsin."