Yadda Za Ka Zaɓi Injin Motsa Jiki Ba Tare da Ka Motsa Jikin Ba

Ɗan'uwa mai tumbi, matso kusa. In ka bi matakan nan shida daki-daki, na yi maka alkawari za ka mallaki injin motsa jiki irin wanda ya haɗa komai da komai, ɗan madaidaici mai shiga ɗaki, ba tare da ka ɗaga ko tsinke ba. Ba labari na ji ba, da idona na gani. Na gwada dabarar a kan mijin yayata, direban bas ɗin ma'aikata a wani kamfani, wanda ya shekara goma sha tara yana murza sitiyari har tumbinsa ya fara taya shi murzawa. Likitan kamfanin ya auna jininsa, ya girgiza kai, ya ba shi wata uku: in hawan jinin bai sauka ba, a karɓe makullin mota. Yana fitowa ni ya fara kira, don duk dangi sun san ni da bincike a waya.

Mataki na ɗaya: Sanar da duniya

Kada ka fara da motsi, motsi na masu gaggawa ne. Fara da sanarwa. Direba ya tara iyalinsa a falo, ya gyara murya, ya ce, "Daga yau kun yi sabon maigida. Inji zan saya."

Yayata tana guga. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "To, Allah ya nuna mana."

Kai ma ka gaya wa abokan aiki, da mai aski, da duk wanda ya yi kuskuren tambayar ka ya jiki. Masana sun tabbatar niyya kaɗai tana narka kitse. Ni ne masanan.

Mataki na biyu: Yi bincike a kwance

Injinan nan iri-iri ne. Akwai mai igiyar ƙarfe da tubalan nauyi, akwai mai roba, akwai na lantarki da ake mannawa a bango yana ƙirga maka kamar malamin lissafi. Haramun ne ka zaɓa kafin ka kalli bidiyon kowanne. Sami matashi mai laushi, ka ɗora waya a kan tumbi, ai dama amfaninsa ke nan.

Mako biyar muka yi ni da Direba muna tura wa juna hotuna. Rannan ya kira matarsa cikin murna, "Zo ki gani! Wannan atisaye arba'in yake yi, wancan sittin da biyu!"

"Kai kuma nawa ka yi, baban yara?"

A wannan matakin ba a amsa wa mata tambaya. Ba su fahimci kimiyya ba.

Mataki na uku: Je shago ka taɓa, kada ka ja

Mai shagon zai fito da ƙirji kamar ƙofar firji, ya ce, "Ranka ya daɗe, gwada mana." Tarko ne. Wanda ya ja igiya a gaban mutane ya tona wa kansa asiri. Yi yadda Direba ya yi: ka zauna a bencin injin, ka bubbuga shi, ka taɓe baki, ka ce ya yi tauri. Sannan ka tambayi wanda ya fi kowanne nauyi, domin mutum mai hangen nesa ba ya sayen injin da zai yi masa kaɗan nan da shekara biyu.

Mako uku suka tafi a nan, biyu daga ciki a kan baƙi za a ɗauka ko ja.

Mataki na huɗu: Auna ɗaki da gwaninta

Na kawo masa tef ɗin awo, ya yi mini kallon raini. "Ni? Ni da nake cusa bas mai cin mutum talatin tsakanin motoci biyu ko madubi ban taɓa ba?"

Ya tsaya tsakanin gado da kabad ɗin kaya, ya lumshe ido ɗaya, ya ɗan ja da baya yana waiwaye kamar mai ribas. Tsawo ya yi, faɗi ya yi. Kuma wallahi ya yi daidai, ko yatsa bai kuskure ba. Sama ce kawai bai duba ba. Hanyar da yake bi kullum ba gada, ba rumfa, bai taɓa ajiye mota a inda aka rataye wani abu a bisa kanta ba.

Mataki na biyar: Haɗa shi, ka zaɓi wanda zai zauna

Kwalaye suka iso saura kwana shida gwajin likita. Ka bar masu kawowa su hau benen gidan da su, su ma suna buƙatar lafiya. Za ka tarar da buhun noti da takarda mai zanen wani mutum yana murmushi. Kada ka yarda da murmushinsa.

Wuni biyu muka yi da sifana. Da muka kafa ƙarfen ƙarshe, Direba ya ja da baya yana sha'awa, ya ce a kunna fanka mu sha iska. Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal! Fiffike ɗaya ya lanƙwashe nan take.

Ɗaki ba zai ɗauki su biyun ba, don haka aka kwance fanka. Yayata ta kwashi matashinta ta koma falo. Shi kuwa ya bayyana mana cewa mai hawan jini ba ya atisaye cikin zafi, sai gari ya yi sanyi. Na goyi bayansa.

Mataki na shida: Je gwaji da hujja

Ɗauki hoton injin ta gaba da ta gefe. Direba ya miƙa hannu aka ɗaura masa abin awo, likita ya duba lamba, ya sake dubawa. Jinin ya ƙara hawa. Nan Direba ya zaro waya da ɗaya hannun. "Likita, duba ka gani. Sittin da biyu yake yi."

Likita ya cire tabarau. "Wa ya ce maka inji? Tafiyar ƙafa na rubuta maka, rabin awa kullum, da rage gishiri. Ina takardar da na ba ka?"

Tana aljihun motar, a ninke yadda aka ba shi.

Da rana Direba ya miƙa wa manaja makulli. Da yamma na je na same shi zaune a bencin, cikin zafin ɗakin nan, hannuwansa a kan gwiwa. Ya ce, "Ƙanina, tun da na fara tuƙi ban taɓa goge wa kowa fenti ba."

Kunya da tausayinsa suka kama ni. Yayata ta tsaya a bakin ƙofa, kuma ba shi take kallo ba, ni take kallo.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba kuma mai horar da 'yan wasa ba. Ba ruwansa da fankarka, da barcin iyalinka, da abin da manajanku zai yanke. Mai ƙorafi kada ya neme ni a gidan yayata, an hana ni taka benen. Amma mai son inji sabo fil, wanda ba a taɓa jan igiyarsa ba, ya je can da masu ɗauka. Ba sai ya yi waya ba. Maigidan yana gida yanzu, ko da wane lokaci aka je za a same shi.