Gyaɗar da na shuka da baƙaƙe

Shekarar da rediyo ta shigo Ollelewa, malaminmu na yaƙi da jahilci ya sallame mu hutun damina. Na ƙudura ba zan manta harafi ko ɗaya ba. Sai na shuka gyaɗata a siffar baƙaƙe, don in riƙa bita a gona. Har tausayin 'yan ajinmu nake ji.

Ranar gayyar noman gonata na makara. Mutane suka tura hauya miƙe yadda aka saba, duk tsiron da ya kauce wa layi suka sare.

Wana ya ce, "Malam, mun wanke maka allo."

Har yau gaisuwar da ake yi mini ita ce, "Malam, karatu ya tsiro?" Asarata tiya uku ta iri, da baƙaƙe goma sha tara.