Godiya Kan Rabin Makin Zinariya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Auna Ƙwaƙwalwar Yara, uban lissafi, mai jan biron da ba ya kuskure, a ofishinsa mai sanyi da ke GRA, Bauchi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da fatan Yallaɓai yana lafiya, shi da iyalinsa da kwamfutarsa, na rubuto ne don in yi godiya. Jikata Zinariya ta ci jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata. Na lura ofishinka bai riga ya sani ba, shi ya sa na ga ya dace in zama farkon mai yi maka albishir.

Ga yadda abin yake. Kun ce sai mai maki sittin za a ɗauka. Zinariya ta samu hamsin da tara da ɗigo biyar. Ni tsohon direban bas ne, shekara talatin da huɗu ina kan sitiyari, ban riƙe biro ba sai da na ajiye tuƙi na shiga ajin manya na yamma a nan Fadaman Mada. A can Malama Cecilia ta koya mana ƙa'idarku: in lambar da ke bayan ɗigo ta kai biyar, a cike, in ba ta kai ba, a zubar. Mu ashirin da 'yan kai, da furfurarmu da komai, muka yi ta rera ta kamar 'yan aji ɗaya. To, da aka kawo takardar sakamako na sa tabarau, na cike, na ga sittin. Na yi kabbara. Matata Hajja ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo babu sallama. Akuyar da muke kiwo kuwa ba ta kai la'asar ba.

Abin da ya rage shi ne sunan yarinyar ba ya cikin jerin da kuka manna a bango, kuma ranar Litinin za a rufe ɗaukar ɗalibai. Don haka, cikin ladabi, ga 'yan abubuwan da suka shige wa tsoho duhu.

Na ɗaya, tambayar 'yan biki. Kun ce mutum saba'in da shida za su tafi ɗaurin aure, bas ɗaya tana cin mutum goma sha takwas, bas nawa za a nemo? Zinariya ta raba, ta samu huɗu da ɗigo biyu, ta zubar da ɗigo biyun kamar yadda kuka koyar, ta rubuta huɗu. Malaminsu ya ce biyar kuke so. Ranka ya daɗe, a wane gari? Na kai 'yan biki ƙauyen Inkil ya fi sau ɗari. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauko bas ta biyar saboda mutum huɗu ba. Sai a ce, "Hajiya, ɗan gyara," a ɗora ɗaya a cinya, biyu su raba kujerar gaba, na huɗun ya zauna kusa da kulolin tuwo yana gadinsu. Yarinyar ta bi ƙa'idarku, ta kuma faɗi abin da ta gani da idonta tun tana goye. Ba mamaki a GRA kowane ɗan biki da motarsa yake zuwa, Allah ya ƙara arziki.

Na biyu, tambayar tela. Yadi ashirin da uku, kowace riga tana cin yadi huɗu, riga nawa za a fitar? Ta samu biyar da ɗigo bakwai, ta cike, ta rubuta shida. Nan kuma sai aka ce biyar ce amsa. Wato can inda ta zubar kun so ta cike, nan inda ta cike kun so ta zubar. Na je na tambayi Habila, telan layinmu, ko yadi uku yana fitar da riga. Ko ɗaga kai bai yi daga keken ba, ya ce, "Baba, in ana gobe Salla, yadi biyu da rabi ma riga ce, hannun dai sai haƙuri." Ina roƙon Yallaɓai ya sanar da mu ranakun da ƙa'idar take aiki da ranakun da take hutu, don mu riƙa duba kalanda kafin yara su shiga ɗakin jarrabawa.

Na uku, na je ofishinku da kaina ranar Laraba. A jikin ƙofa an rubuta ana buɗewa ƙarfe takwas. Akawun ya iso sha ɗaya saura minti goma, ya sa hannu a littafi, na leƙa na ga ya rubuta takwas. Wallahi sai na ji sanyi a raina, na ce lallai na zo gidan masu zubarwa da hannu sake. Mutumin da ya iya shafe awa uku da biro ɗaya, rabin maki ai ba zai gagare shi ba. Na miƙa masa takardar. Ya ce, "Baba, ba mu ba ne, kwamfuta ce, kuma kwamfuta ba ta cikewa." Ashe haka? Ku da kuke cire wa yaro maki in bai cike ba, kun ɗauki ma'aikaciyar da ba ta iya ba, har kun ba ta ɗaki mai sanyi? Akwai benci babu kowa a ajin Malama Cecilia, kusa da taga. Ku turo ta, Litinin da Alhamis bayan la'asar. Babu kunya a karatun girma, ni shaida ne.

Na huɗu ba ƙorafi ba ne, labari ne kawai. Zinariya ce mace ta farko a gidanmu da ta kai wannan matsayi. Likitar ido take son zama, wai don ta daina karanta mini ƙananan rubutu. Da ta ji babu sunanta a bango, sai ta daina tsokanata, ita da ba ta wuce ni ba tare da ta ja mini hula ta ce, "Tsoho, yau me aka koya muku a firamare?" ba. Jiya ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Kaka, gaya mini gaskiya, na ci ko ban ci ba?" Na ce kin ci, haɗa akwatinki. Ta haɗa.

Shekarata saba'in da ɗaya, ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba, kuma abin da na gaya mata daga littafinku na ɗauko shi. Saboda haka ranar Litinin zan kawo ta ofishinka da akwatinta da bokitinta, ƙarfe takwas irin ta agogo. In Yallaɓai ya ga hamsin da tara da rabi ba sittin ba ne, ba zan yi gardama ba. Zan ja gefe, ya fito da kansa ya duba idonta ya yi mata bayani. Tana da saurin fahimta, sai dai za ta yi tambayoyi.

Allah ya ja zamanin Yallaɓai, ya ƙara wa bironsa tawada.

Naka mai biyayya har ƙasa, cike da murna,

Malam Hammawa Direba,
Ɗalibin ajin manya,
Fadaman Mada, Bauchi.