Yadda Ake Kiwon Gizo-gizo a Gidan Surukar da Ke Soya Shi

Kana son ka tara manyan gizo-gizo masu gashi a akwati guda, su zauna lafiya da juna, su hayayyafa, kai kuma ka zuba tagumi kana kallonsu kamar mai kallon talabijin? To gyara zama. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bakwai bi da bi, ko ƙafa ɗaya ba za ka rasa ba.

An gwada hanyar a wurin da ya fi ko'ina wuya, wato garinmu Skuon na ƙasar Kambodiya, inda mota ba ta tsayawa a tasha sai an cuso wa fasinja farantin soyayyen gizo-gizo ta taga. Wanda ya gwada ta maƙwabcina ne Phirun, mai gyaran babur. Tun da ya auri Sothea yake zaune a gidan uwarta, kamar yadda aka saba. Uwar kuwa, Mae Kolab, shekara talatin ke nan tana soya a-ping, baƙin gizo-gizon ramin nan, da tafarnuwa da sukari.

1. Zaɓi irin da ba ya cin ɗan'uwansa

Kada kishin gida ya ruɗe ka. A-ping namu ba su san zumunci ba. Phirun ya fara da guda takwas a akwati ɗaya, bayan wata guda ya tarar da ɗaya tak, ta yi ɓul-ɓul, tana kallonsa ba kunya ba tsoro. Ita ma bai more ta ba. Ya dawo daga aiki ya ji ƙamshin tafarnuwa tun daga bakin hanya, aka kuma aje masa rabonsa a kan shinkafa.

"Na ga ta ƙosa ne," in ji Mae. "Da ka ƙara kwana biyu namanta zai yi tauri."

Saboda haka nemi masu shuɗin ƙafa, 'yan wani tsibiri mai nisa. Su ne ke zaman gida guda, su yi saƙa tare, uwa ta kama abinci ta bar wa 'ya'ya. Phirun ya samo tara daga babban birni, Phnom Penh, cikinsu akwai wata babbar mace mai fari a ciki da ƙafafu kamar an rina su. A kanta ya ɗora duk burinsa na ganin 'ya'ya.

2. Nisanta akwati da kasko

Samu akwatin gilashi, ka zuba ƙasa da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa, ka jera ɓawon itace domin su sami maɓuya. Huda murfi iska ta shiga. Wannan duk mai sauƙi ne.

Mai wuyar ita ce ina za ka aje shi. Gidan Mae a kan ginshiƙai yake, girki a ƙasa, kwana a sama. Phirun ya kai akwatin can saman sif ɗin ɗakinsu, ya lissafa da kyau cewa gwiwar Mae ba ta son hawa. Abin da bai lissafa ba shi ne kujera. Washegari ya same ta tsaye a kanta, hanci a jikin gilashi.

"Kallo kawai nake yi," ta ce. "Wannan babbar, a ganina ba ta buƙatar sukari da yawa."

Masana sun daɗe da gano cewa ciwon gwiwar suruka yana zuwa ne kawai lokacin da ake son ta yi abu.

3. Raɗa suna

Mutum ba ya soya abin da ke da suna. Kada ka tsaya wasa da su Shuɗi ko Kyakkyawa, irin waɗannan ana soyawa har da murmushi. Nemi suna mai nauyi. Phirun ya yi ta maza ya sa wa babbar Kolab.

Sothea ta dafe ƙirji. "Bong, ka haukace? Sunan uwata za ka sa wa abu mai ƙafa takwas?"

"Girmamawa ce, Oun. Ki dubi yadda sauran ke matsa mata hanya." (Bong da Oun, haka miji da mata ke kiran juna a garinmu.)

Mae ta ji komai daga ƙasa. Kwana uku ba ta yi masa magana ba, miyarsa kuma barkono ya ninku. A rana ta huɗu, tana yanka lemun tsami ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Takwarar tawa ta ci abinci?"

In ka ji irin wannan tambaya, kada ka yi murna a fili. Amsa da ladabi ka wuce.

4. Ciyar da su kafin su tuna cewa su gizo-gizo ne

Zumunci na nan muddin ciki a cike yake, kuma ba su kaɗai ba ne a haka. Zuba musu gyare masu rai sau biyu a mako, kowa ya samu. Matsalar ita ce gyare ma hajar Mae ce, tana soya su a kasko na biyu. Phirun ya ɗauki al'adar wucewa ta gefen kwandonta yana waƙa, hannu ɗaya a aljihu. Shawarata, in za ka yi haka, ka tuna cewa gyare kuka yake yi. Aljihun Phirun ya tona masa asiri a tsakiyar cin abinci, gaban baƙi biyu.

5. In ka gan ta kwance rigingine, kama hannunka

Nan ne kowa ke faɗuwa, don haka saurara.

Wata safiya Phirun ya leƙa akwati ya ga Kolab kwance a bayanta, ƙafafu takwas a sama, ko motsi babu. Ya ƙwanƙwasa gilashi. Shiru. Ya kira sunanta a hankali, don kada mai sunan ta amsa daga ƙasa. Shiru. Ƙaton mutum mai ɗaga injin babur da hannu ɗaya ya zauna a bakin gado ya ɓarke da kuka, kuma ba na yi masa dariya, don wata bakwai yana tarairayarta.

"Yi haƙuri, Bong," in ji Sothea tana shafa bayansa. "Ai akwai sauran takwas."

"Su ba Kolab ba ne!"

Da ya share hawaye, sai ɗan Skuon da ke cikinsa ya farka. A garin nan ba a binne a-ping, kuma zubar da ita a bola abin kunya ne. In dai tafiya ta zama dole, gara ta tafi ta hannun gwana. Ya rungumi akwatin ya sauko da shi tsani bayan tsani, ya dire a gefen murhu. Mai ya riga ya yi zafi, tafarnuwa na rawa a ciki.

"Mae, takwararki ta rasu," ya ce. "Ki soya ta da kyau. Ni dai ba zan ci ba."

Ya buɗe murfi, ya ɗauki tsinken cin abinci zai ɗago ta. Sai ji ya yi matsami ya sauka a bayan hannunsa, tas!

"Aje tsinken nan kafin in soya yatsunka! Shekara talatin ina ganin gawar a-ping, ban taɓa ganin wadda ta mutu rigingine ba. Mai mutuwa naɗe ƙafafu take yi a ƙarƙashin cikinta. Wannan saɓa take yi, sakarai, tsohuwar riga za ta tuɓe. Ka taɓa ta yanzu ka kashe ta."

Wato duk tsawon watannin nan yana tsare ta daga kasko, a ƙarshe shi ya kawo ta bakinsa da ƙafarsa.

6. Matsa gefe

Mae ta janye itace daga murhu. Ranar ba ta je tasha ba, abin da ko ranar auren Sothea bai faru ba. Matan tasha suka yi ta aiko tambaya ko lafiya. Ta ja kujera gaban akwati, ta hana tada babur a tsakar gida, ta hana tari mai ƙarfi, ta kori Phirun zuwa shagonsa don numfashinsa ya yi yawa.

Da yamma Kolab ta zare ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya daga tsohuwar fata, ta juyo da kyar, shuɗinta sabo fil. Mae ta daɗe tana kallo, ta goge ido da gefen zani, ta ce hayaƙi ne, alhali wuta ta mutu tun safe.

Washegari ta soya a-ping cike da faranti kamar kullum. Kada wannan ya dame ka. Duk mai kiwon kaji ya san ana iya son guda a cinye 'yan'uwanta.

7. Jira 'ya'ya

Bayan wasu watanni cikin Kolab ya cika da ƙwai. Ka sani wannan shi ne lokaci mafi haɗari, don a nan garin mai ƙwai ita ce ake rububi. Wani direba, Davuth, tsohon abokin cinikin Mae, ya shigo gida shan ruwa ya hango ta, nan take yawu ya cika masa baki.

"Mae, wannan fa? Ki ware mini ita."

Har bakin titi ta raka shi da matsami, ya bar takalmi ɗaya a baya. A ranar ta sa Phirun ya kai akwatin ɗakinta, kusa da matashinta, ta rataya makulli a wuya.

'Ya'ya talatin da huɗu suka fito, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, suna yawo a gefen uwarsu. Phirun ya tsaya a bakin ƙofa, domin iyakarsa ke nan yanzu, farin ciki kamar ya yi tsalle. Ya gyara murya.

"Mae, ko za a ba ni biyu in riƙa a ɗakina?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Kai da ka kawo uwarsu bakin mai, har kana cewa a soya da kyau? Je ka kamo gyare. Ƙanana, masu laushi. In ka dawo da wuri zan bar ka ka leƙa."

Ya ɗauki kwando ya tafi, yana murmushi har kunne.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin cizo, ƙaiƙayi, tabon matsami a bayan hannu, ko takalmin da aka bari a gudu. Alkawarina shi ne dabbobin za su rayu su hayayyafa, kuma na cika. Wanda ke da ƙorafi a kan wa ya mallake su, ya kai wa Mae Kolab da kansa, tana tasha daga safe zuwa yamma, man kaskonta a zafafe.