Allon bikin Ɗayyaba da Ƙasimu

Ba zan taɓa mantawa da bikin yayar Zainab ba, ko da na so in manta. Lokacin ina neman auren Zainab, babanta Alhaji kuwa bai gama yanke shawara a kaina ba. Da na ji za a ba wani aikin tsara allon da ake ɗaukar hoto a gabansa, sai na yi caraf na ce a bar mini (ba wanda ya tambaye ni, ni na kai kaina).

Na samo wani salon rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe a intanet, na rangaɗa sunan amarya da ango, Ɗayyaba da Ƙasimu, da addu'a a ƙasa. A kwamfutata abin gwanin kyau. Na tura wa masu bugawa a Gama, ban san salon rubutun ba ya bin aiki zuwa wata kwamfutar ba. Tasu ta sauya shi da nata, wanda bai san baƙaƙenmu masu ƙugiya ba. Ranar walima na karɓo allon a naɗe, ban ko buɗe ba.

A farfajiyar gidan Alhaji a Nassarawa GRA, baƙi sun cika rumfa, na ce a dakata, ni zan warware da hannuna. Na warware ina murmushi. Farkon sunan amarya ɗan akwati ne fanko, na ango ma haka, addu'ar kuma duk ramuka.

Wata gwaggon amarya ta gyara tabarau ta ce, "Ɗan nan, wa ake aurarwa ne? Ni dai ban san su ba."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya aika aka kawo alƙalamin maka, ya miƙo mini, na hau kujera da sabuwar shaddata ina cike akwatunan ɗaya bayan ɗaya, jama'a na nuna mini wanda na tsallake. Duk hotunan bikin da rubutun hannuna a bayansu.

Alhaji ya ba ni Zainab daga baya, da sharaɗin kada in taɓa katin bikinmu. Yanzu ko takardar taron unguwa ce, sai na ga an buga gwaji na riƙe a hannuna kafin in buɗe baki. Da muka haifi ɗa na ce a sa masa Ƙasimu, Zainab ta dube ni ta ce, "Musa dai. Kowace kwamfuta ta san shi."